Gashin ƙashi bayan tiyatar sauya gwiwa: sharhi a kan wata cibiya a Sakkwato

Ba baƙon labari ba ne yanzu a Sakkwato a ji cewa an kai wani dattijo ko wata dattijuwa Indiya ko Masar, ko kuma nan gida Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, an yi masa tiyatar sauya gwiwa bayan ya daɗe yana fama da amosanin gaɓɓai. Iyalai kan zuba ƙarfinsu da dukiyarsu a kan ranar aikin, alhali wahalar da ta fi tsawo a gida take jiran mutum, lokacin da likitan da ya yi aikin yake can nesa, gwiwa kuma ta kumbura, ta sandare, ta hana barci. Wannan sharhi ne a kan wata cibiyar gashin ƙashi mai zaman kanta da ke cikin garin Sakkwato, inda mahaifiyata ta yi jinya bayan gwiwarta ta dama ta ƙi lanƙwasuwa. Ba zan kama sunan wurin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma na fi son mai karatu ya ɗauki bayanin ya auna duk wurin da ya samu kansa, na gwamnati ne ko na kuɗi.

Ra'ayina shi ne wurin ya cancanci a je shi, kuma dalilina bai shafi kyan gini ko yawan na'urori ba, domin a nan ma suke da rauni. Abin da ya ɗaga darajarsu a wurina shi ne suna auna gwiwa da ma'auni su faɗi gaskiyar abin da suka gani, kuma sun san inda aikinsu ya tsaya, sun san ranar da ya kamata su ɗauke hannu su mayar da mara lafiya ga likitan ƙashi.

Inna tana da ciwon suga, kuma an yi mata aikin ne a wani asibiti a ƙasar waje. A irin wannan tiyata ana kankare saman ƙasusuwan da suka zaizaye, wato ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri, a lulluɓe su da ƙarfe na musamman, a sa wata roba mai ƙarfi a tsakani domin su riƙa zamewa a kan juna. Kayan suna da ƙarko: wani babban nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya suna kai shekara 25 ba a sake buɗe su ba. Sai dai ƙarfe ba ya lanƙwasa kansa, tsoka ce ke jan sa, kuma jiki yakan tara tabo a cikin gaɓar yayin da yake warkewa. Idan gwiwa ta zauna wuri ɗaya saboda zafi ko tsoro, tabon nan sai ya yi tauri ya ɗaure ta. Halin da Inna ta shiga ke nan bayan dawowarta: ba ta iya zama daidai a kujera, ba ta iya miƙe ƙafar sarai, tana tafiya da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu tana jan ƙafar.

Ranar farko likitar da ta karɓe mu ba ta taɓa gwiwar ba sai da ta karanta takardar sallama daga asibiti, ta duba hoton ƙashi, ta tambayi magungunan da ake sha da awon suga na baya-bayan nan. Daga nan ta ɗauko ma'aunin kusurwa, ta ɗora shi a gefen gwiwar, ta ce lanƙwasuwar ta tsaya a digiri 70, kuma saura digiri 10 ƙafar ta miƙe gaba ɗaya. Ta rubuta a kati, kuma duk mako ana sake awon a gabanmu. Ta bayyana mana cewa tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana buƙatar wajen digiri 65, tashi daga kujera da hawan matakala kuwa sai an kai 90 ko an haura, kuma yawancin waɗanda aikinsu ya yi kyau suna tsayawa ne tsakanin 110 da 120. Sannan ta faɗi abin da ba mu so ji ba, cewa idan aka doshi wata uku da yin aikin gwiwar ba ta kai 90 ba, to sai a koma wurin likitan ƙashi ya sa Inna barci ya lanƙwasa gwiwar da hannu domin ya tsinke tabon, kuma wannan dabara ta fi amfani a cikin watanni ukun farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yaba da wannan bayani ƙwarai, domin cibiyar da ke neman kuɗi kawai tana iya riƙe mara lafiya wata da watanni tana shafa masa mai, har lokacin gyara ya wuce.

Motsa jikin da suke koyarwa ba shi da wani ƙawa, kuma mafi yawansa a gida ake yin sa. Akwai motsa idon sawu sama da ƙasa domin jini ya zaga, da matse tsokar cinya a danna bayan gwiwa a kan katifa, da jan diddige zuwa ga jiki ana kwance, da ɗaga ƙafa a miƙe, sai kuma tashi da zama daga kujera. Da gwiwar ta ɗan saki, sai suka ɗora ta a kan keken motsa jiki, da farko rabin zagaye gaba da baya, har ta kai ga cikakken zagaye. Abu ɗaya da suka nanata, wanda nake ganin kowane gida yana buƙatar saninsa, shi ne kada a cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa lokacin kwanciya. Mara lafiya yana jin daɗin hakan, masu jinya kuma suna yi ne don tausayi, amma shi ne ke sa gwiwa ta saba da tanƙwara ta ƙi miƙewa; a ƙarƙashin diddige ake sa naɗaɗɗen tawul, a bar gwiwar ta sauka da nauyinta. Sun kuma koya mata riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba ɓangaren ƙafar da aka yi wa aiki ba, da cewa a matakala ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo kuma ita ke fara sauka.

Aikin yana da zafi, kuma ba su ɓoye ba. Sun shawarce mu a ba Inna maganin rage zafin da likita ya rubuta mata kimanin rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a fara, amma ba su taɓa rubuta mana magani da kansu ba, kuma sun gargaɗe mu game da sayen tiramadol a kemis. Na ga ranar da Inna ta ce, "Ɗiyata, ki bar ni haka nan, na gaji," likitar kuma ta tsaya, ta bar ta ta huta, sannan ta ce, "Inna, ku yi haƙuri, saura kaɗan, ku ja da kanku ni zan riƙe kawai." Wannan lallashi da girmamawa su ne suka sa dattijuwar da ba ta son fita gida ta ci gaba da zuwa.

A batun kumburi ne aka fi samun saɓani da al'adarmu. Mu dai abin da muka sani shi ne ciwon gaɓa ruwan zafi da tawul yake so, kuma kusan duk wanda ya zo dubiya sai ya ba da wannan shawara, wani ya ce a kira mai ɗori ya murza, wani ya ce wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Cibiyar ta hana duk wannan, kuma ta ba da dalili. Gwiwar da aka yi wa aiki takan yi ɗumi da kumburi har tsawon watanni, zafi kuwa ƙara kumburin yake yi, don haka ƙanƙara ake naɗewa a ƙyalle a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar sama. Tsaga ko sakiya ko ƙaho a kusa da gwiwa mai ƙarfe kuwa buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne, kuma ƙwayar cuta idan ta manne a jikin ƙarfe, magani ba ya isa gare ta yadda yake isa ga nama. Ba raina masu ɗori nake yi ba, amma sana'arsu ta karaya da targaɗe ce, babu ruwanta da gaɓar da aka haɗa da ƙarfe da roba. Su kansu ma'aikatan cibiyar ba su taɓa ɗora mata na'urar da ke tura zafi can cikin nama ba, suka ce ba a yin ta a kan ƙarfe. Samun ƙanƙara a garin da wuta ba ta zama wani aiki ne na daban, mu dai da daskararren fiya wata daga masu sayar da ƙanƙara muka dogara.

Abin da ya fi tabbatar mini da ingancin wurin ya faru ne a tsakiyar jinyar. Wata safiya sha-raɓar Inna ta kumbura fiye da ta ɗaya ƙafar, ta yi tauri, tana ciwo idan an taɓa, mu kuma muka ɗauka gajiyar motsa jiki ce da tausa za ta warware. Likitar ta auna kaurin ƙafafun biyu, ta ƙi yin tausa, ta ƙi yin motsa jikin ranar, ta rubuta takarda ta ce mu wuce asibiti a yi sikanin jijiyoyin ƙafar a ranar, kada a bari ya kwana. Aka yi, aka samu gudan jini ya daskare a jijiya, likita ya ɗora ta a kan maganin tsinka jini na wata uku. Daskarewar jini tana cikin sanannun haɗurran wannan tiyata, shi ya sa ake ba da maganin kariya a makonnin farko, kuma haɗarinta shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu, inda yakan zo da sarƙewar numfashi da ciwon ƙirji, wani lokaci ya yi ajalin mutum. Da a hannun wanda bai sani ba muka faɗa, da murza wurin zai yi da iyakar ƙarfinsa. Ba su karɓi kuɗin wannan rana ba, sun kira da yamma sun ji sakamako, kuma ba su ci gaba da aiki ba sai da likita ya ba da izini a rubuce. Sun kuma tunatar da mu cewa magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen ba sa haɗuwa da maganin tsinka jini sai da sanin likita, saboda haɗarin zubar jini.

Haka suke sa ido a kan alamun shigar ƙwayoyin cuta, wadda takan samu mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari bayan irin wannan aiki, kuma masu ciwon suga sun fi zama cikin haɗari. Kowane zuwa sai an duba tabon, an tambayi ko akwai masassara, an tambayi awon suga. Sun ce ɗumin gwiwa shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, amma ja da ke yaɗuwa, ko ruwa ko mugunya daga ɗinki, ko ciwon da ya dawo da ƙarfi bayan ya lafa, duk na asibiti ne. Sun ƙara da abin da ban taɓa ji ba kafin nan: kada a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis kafin likita ya yi gwajin jini ya zuƙi ruwan gwiwar, domin maganin yana ɓoye ƙwayar a kasa gane ta a ɗakin gwaji, alhali bai kashe ta ba. Cutar da ta yi nisa takan kai ga a cire ƙarfen gaba ɗaya, a yi jinya, sannan a sake sa wani, kuma duk wanda ya biya kuɗin aikin farko ya san abin da wannan yake nufi ga iyali.

Sai kuma ƙorafina, kuma ba ƙarami ba ne. Likita mace ɗaya ce tak a wurin, a garin da dattijuwa ba za ta yarda ta buɗe cinyarta gaban namiji ba, kuma mata ne suka fi yawa a cikin masu ciwon gwiwa. Duk ranar da ba ta nan, ko dai a koma gida, ko a yi aikin ta saman zane, wanda ba ya bari a ga tabo da kumburi yadda ya kamata. Labulen da ke raba gadaje siriri ne kuma bai kai ƙasa ba, ana jin maganar kowa. Ana ba da lokaci amma ba a cika shi, sai mutum ya zo da hantsi ya kai azahar, kuma zaman benci mai tsawo yana ƙara sandarar da gwiwar da aka zo sakewa. A watannin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ɗakin jira ba ya zaunuwa idan aka ɗauke wuta, janareta kuma ba a tayar da shi sai an tara mutane.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne banɗaki. Masai na tsuguno ne, ga matakala a ƙofa, babu ƙarfen kamawa a bango, a wurin da su da kansu suke gaya wa mutane su sa masai na zama a gida. Gyaran wannan bai kai kuɗin na'ura ɗaya ba, kuma rashin yin sa sakaci ne. Takardar motsa jikin da suke bayarwa a tafi da ita gida da Turanci take, Inna kuwa ajami take karantawa, kamar dattawa da yawa a garin nan. Da an rubuta ta da Hausa, boko da ajami, an ƙara zane, da mara lafiya bai dogara da sai ɗa ko jika ya dawo daga aiki ba. Akwai kuma ranar da wani mataimaki ya karɓi aikin ya danna gwiwar fiye da kima, ta kwana a kumbure. Mun kai ƙara, babbar likitar ta ba da haƙuri, ba a sake ba shi Inna ba, amma tun farko bai kamata a bar mataimaki shi kaɗai da irin wannan gwiwa ba.

Kuɗin yana da nauyi ga mai matsakaicin ƙarfi, musamman da yake ana zuwa sau da yawa a mako, ga kuɗin mota, domin gwiwar da ba ta lanƙwasuwa ba ta shiga keke napep cikin sauƙi, kabu-kabu kuwa ba a ma maganarsa. Kujerar gaba ta mota ake turawa baya domin ƙafar ta samu wurin miƙewa. Ana iya biyan kowane zama ko a biya na da yawa a dunƙule da ɗan ragi, kuma suna ba da rasit. A teburin karɓar kuɗi an yi ta tallata mana wata na'ura da ke lanƙwasa ƙafa da kanta mutum yana kwance, wadda kuɗinta daban ne. Da na tambayi likitar, sai ta ce Inna ba ta buƙatarta. Gaskiya ta faɗa, domin nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara a 2014 ya nuna cewa wannan na'ura ba ta ƙara wani amfani na a zo a gani bayan sauya gwiwa. Na ji daɗin gaskiyarta, amma ya kamata maganar teburin kuɗi da ta ɗakin jinya ta zama ɗaya, don ba kowa ne zai koma ya tambaya ba.

Yanzu gwiwar Inna tana lanƙwasuwa zuwa digiri 108, tana miƙewa sarai, kuma ba a kai ga sake sa ta barci ba. Tana tafiya da sanda a waje, a cikin gida kuma babu sanda, tana hawan matakala a hankali. Fatar da ke gefen tabon ta waje har yanzu ba ta jin taɓi sosai, abin da aka ce ya zama ruwan dare saboda wata ƙaramar jijiyar fata da yanka ke ratsawa, kuma gwiwar takan yi ƙara idan ta motsa, takan kuma yi tsami da dare bayan doguwar tafiya. Bincike ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ci gaba da jin wani ciwo bayan wannan tiyata, kuma sun gaya mana haka ba tare da sun yi mana alkawarin gwiwar ƙuruciya ba.

Sujada da zaman tahiya su ne abin da ya fi damun ta, fiye da ciwon kansa. Zama a kan diddige yana buƙatar lanƙwasuwar da ta kai digiri 150 ko fiye, wadda mafi yawan gwiwoyin da aka sauya ba sa kaiwa, kuma likitar ba ta yaudare ta ba ko sau ɗaya. Ta ce mata kada ta tilasta gwiwar, ta tambayi malamai, malamai kuma suka karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune. A kan kujera take salla yanzu, hankalinta kuma ya kwanta. Ina ganin wannan magana ce da ya kamata a yi wa kowane Musulmi kafin ya shiga ɗakin tiyata, tare da batun zaman tabarma da kwanciya a katifar ƙasa, domin gida yana buƙatar gado mai tsayi da kujera mai hannu tun kafin mara lafiya ya dawo.

Wanda ke shirin kai nasa irin wannan wuri ya tafi da takardar sallama, da hotunan ƙashi, da jerin magunguna, ya kuma nemi lambar da zai riƙa samun likitan da ya yi aikin tun kafin ya baro asibitin. Ya tambaya ko mai yi masa aikin yana da rajista da MRTB, hukumar da ke ba masu wannan sana'a lasisi a Najeriya, ya nemi a auna gwiwar a rubuta adadin a gabansa, ya kuma nemi rahoto a rubuce da zai aika wa likitansa, domin mu sai da muka roƙa aka ba mu. Idan kuɗin wuri mai zaman kansa ya fi ƙarfinsa, akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga kuma Asibitin Ƙashi na Wamakko, kuma gara a fara a can da wuri da a zauna a gida ana jiran kuɗi su taru. Wanda kuma ɗinkinsa ke tsiyayar ruwa, ko masassara ta rufe shi, ko sha-raɓarsa ta kumbura, ko numfashinsa ya sarƙe, kada ya tsaya a kowace cibiyar gashin ƙashi, ya wuce sashen gaggawa na asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.